Takardar da ta ce saura sifili: yadda wata ɗaliba a Bronx ta yi asarar zangon karatu guda

Gidan da abin ya faru

Yarinyar ita ce ta fari a gidansu, a Bronx aka haife ta cikin birnin New York, babanta mutumin Zangon Kumasi ne da ya shigo Amurka da cacar biza tun ƙarshen shekarun 1990, sana'arsa tuƙin mota, wata rana tasi wata rana ta manhaja, mamanta kuma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Yara huɗu, ɗaki biyu da falo. Ni maƙwabci ne kuma tare muke sallah da baban, yaran Kawu suke ce min, ni kuma Yaya nake ce masa saboda ya girme ni nesa ba kusa ba. Ba zan faɗi sunanta ba, haka ma makarantun, kuɗin makarantun kuma na zagaye su zuwa lamba mai sauƙin riƙewa, amma na gwamnati na bar su yadda suke.

Ga wanda bai san tsarin ba, a Amurka kuɗin jami'a da ake rubutawa a shafin intanet kusan ba shi ne ɗan talaka yake biya ba. Ɗalibi zai cike fom ɗin gwamnatin tarayya da ake kira FAFSA, a duba abin da iyayensa ke samu, sannan duk makarantar da ta ɗauke shi ta aiko masa da takardar tallafi. Cikin takardar nan ake cusa abu iri uku: kyauta da ba a biya, bashi da ake biya da ruwa, da aikin wucin gadi da sai ka yi kafin a ba ka ko kwabo. Babu dokar tarayya da ta ce ga yadda za a rubuta wa kowane ɗalibi takardar, kowace makaranta da salonta da kalmominta.

Oktoba 2022 zuwa Maris 2023: fom da takardu uku

An buɗe FAFSA ranar 1 ga Oktoba 2022, yarinyar ta cike a makon farko da takardun harajin iyayenta na 2021, don haka tsarin yake, na shekara biyu baya ake dubawa. Lissafi ya nuna gidan ba shi da abin da zai iya bayarwa, wato ta cancanci cikakken tallafin Pell, kyautar gwamnatin tarayya ga ɗalibai marasa ƙarfi, wanda a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ya kai dala 7,395. Ta kuma cike na tallafin jihar New York, TAP, wanda mafi yawansa dala 5,665 ne a shekara.

A watan Maris takardu uku suka iso.

Ta farko daga wata jami'a mai zaman kanta a wata jiha maƙwabciya, an buga ta a takarda mai kauri da tambarin zinare, ta fara da taya murna. A sama an sa kuɗin karatu dala 42,000, ɗakin kwana da abinci 15,000, jimla 57,000. A ƙasa kuma layi shida a jere ƙarƙashin kan magana guda mai nufin abin da aka ba ki: sikolashif na makaranta 24,000, Pell 7,395, wani abu da aka rubuta "Direct Sub" 3,500, wani "Direct Unsub" 2,000, wani "FWS" 2,500, na ƙarshe "PLUS" 17,605. Jimla 57,000 cif. Sai layin ƙarshe da manyan baƙaƙe, abin da ya rage ki biya: sifili.

Ta biyu daga jami'ar gwamnatin jiha, can arewacin jihar, tafiyar awa huɗu ko biyar. Ita ba ta yi kwalliya ba, ta kawo duk kuɗin shekara har da littattafai da kuɗin mota da na sabulu, wajen 28,000, ta cire kyauta zalla wajen 12,400, ta ce abin da ke kanki 15,600, sannan a wani akwati daban ta jera bashin da za a iya ɗauka, ta kira shi bashi.

Ta uku daga jami'ar gwamnati ta cikin birni, wadda za ta dinga zuwa daga gida. Kuɗin karatu a can dala 6,930 ne a shekara ga 'yan jiha, amma takardar ta ƙara kiyasin ci da sha da wurin kwana da sufuri har jimla ta kai wajen 21,000, aka cire kyauta wajen 12,900, saura 8,100.

To ka ajiye ukun nan a kan tebur gaban direban tasi da ya dawo aiki ƙarfe biyu na dare. Ɗaya ta ce sifili, ɗaya 15,600, ɗaya 8,100. Shi dai ya ce Alhamdulillah, ya ɗauki ta sifili ya saka cikin jakar da yake ajiye fasfo.

Afrilu 2023: waɗanda aka tambaya

Ba wai ba a yi tambaya ba, an yi. Baban ya nuna takardar ga mutum biyu a masallaci bayan Juma'a, ɗaya ɗansa ya gama jami'a shekaru goma baya, ya duba layin ƙarshe kawai ya ce Alhaji wannan ai cikakken sikolashif ne, a yi wa yarinya addu'a. Daga nan labari ya bazu, har Kumasi aka kira ana barka.

Yarinyar ta je wajen malamar da ke ba ɗalibai shawara a sakandarensu, matar kirki ce amma ɗalibai sun yi mata yawa, minti goma suka samu. Ta ce mata akwai bashi a ciki fa, ki duba da iyayenki. Yarinyar ta fahimci ana nufin 5,500 na "Direct Sub" da "Direct Unsub", bashin da ake bai wa ɗalibi da kansa, ta faɗa wa babanta, ya ɗan yi jim ya ce wannan kaɗan ne, za a ƙi karɓarsa a biya daga aljihu a hankali. Babu wanda ya taɓa layin PLUS, kowa ya ɗauka ƙari ne kamar yadda sunan ya nuna, wani sikolashif na daban.

Ta kuma buga waya ofishin tallafin makarantar, ta tambaya ko gaskiya ne ba za ta biya komai ba. Wadda ta ɗauka ta ce idan kika karɓi duk abin da ke cikin takardar, babu abin da zai rage. Maganar ba ƙarya ba ce, shi ya sa ma ta fi ciwo daga baya.

Abu ɗaya da ba a gwada ba shi ne na'urar lissafin farashi da ke shafin makarantar. Dokar ilimi ta 2008 ta wajabta wa jami'o'in da ke karɓar kuɗin tarayya su saka ta, tun Oktoba 2011 ya kamata kowacce ta kasance da ita, kana zuba bayanan gidanku ta ba ka kiyasin abin da irinku ke biya bayan an cire kyauta. Ni kaina a lokacin ban san da ita ba, kuma ni ma na ga takardar nan a Afrilu na ce masha Allah, ba zan cire kaina ba.

1 ga Mayu 2023

Ranar 1 ga Mayu ita ce ranar da yawancin jami'o'in Amurka ke son ɗalibi ya yanke shawara. An biya jami'a ta farko kafin alƙalami dala 500, da wani 300 na riƙe ɗaki, duka ba a mayarwa. Yarinyar ta shiga shafukan sauran makarantun biyu ta danna cewa ba za ta zo ba. Mamanta ta fara sayen zanen gado da bargo.

Yuli 2023: bil ya iso

Tsakiyar Yuli aka turo bil na zangon farko ta imel. Rabin 57,000 shi ne 28,500, aka cire rabin sikolashif da rabin Pell, aka nuna rabin bashin ɗalibi 2,750 a matsayin wanda ake jira, saura dala dubu goma da 'yan kai, sannan aka ɗora inshorar lafiya ta makaranta wajen 2,400 wadda ba ta cikin takardar Maris ko kaɗan. A biya kafin farkon Agusta.

Yarinyar ta ɗauka kuskure ne. Ta kira, aka yi mata bayani a hankali: FWS ɗin nan aiki ne a cikin makaranta, sai kin nema kin samu, a dinga biyanki awa-awa a hannu, ba ya shiga bil. PLUS kuma bashi ne da gwamnatin tarayya ke bai wa iyaye, sai babanki ya cike fom, a duba tarihin biyan bashinsa, ya sa hannu da sunansa. Inshorar kuma ana iya cire ta idan kina da wata, amma tata Medicaid ce ta jihar New York, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, makarantar ta ce ba ta wadatar a jiharsu. TAP dama ba ya tsallaka iyakar jiha, wannan ma babu wanda ya lura a Maris cewa babu shi a takardar.

Da yamma ta ƙwanƙwasa min ƙofa, ta ce Kawu don Allah ka zo ka yi wa Baba bayani, ni na kasa.

Ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta: abin da aka gwada

Bashin PLUS shi ne hanyar da makarantar ta shimfiɗa, kuma da baban ya nema da ya samu, don ba a duba ko albashinka zai iya biya, tarihin bashi kawai ake dubawa, nasa kuma fes yake. Ruwan bashin da aka bayar daga 1 ga Yuli 2023 kashi 8.05 cikin ɗari ne, ga kuma kashi 4.228 da ake yankewa tun kafin kuɗin ya fito. A kan 17,605 wannan na nufin wajen dala 744 ta tafi nan take, ruwa kuma wajen 1,400 duk shekara, na shekarar farko kaɗai kenan. Baban ya ce min, Malam, shekara ashirin da biyar ina ƙasar nan ban sayi gida ba saboda riba, yanzu da furfura zan fara? Maganar ta tsaya nan. Wani ya kawo dabarar cewa idan aka hana iyaye PLUS ana ƙara wa ɗalibi dala 4,000 na bashin kansa, gaskiya ne akwai wannan, amma sai an hana, shi kuma ba za a hana shi ba, kuma ko an ƙara ɗin shi ma bashi mai ruwa ne.

Sai aka rubuta takardar roƙo ga ofishin tallafi, ni na taimaka da Turancin. An bayyana cewa samun baban ya ragu tun 2021 saboda ciwon baya ya rage masa awannin tuƙi, aka haɗa takardun likita. Doka ta ba jami'an tallafi damar sake duba yanayin gida, amma a nan babu abin da za su ƙara daga tarayya tunda Pell ɗinta ya riga ya kai maƙura. Bayan kwana goma sha biyu suka ƙara dala 3,000 daga aljihun makaranta, na shekara ɗaya, ba tare da alkawarin sabuntawa ba.

Aka duba biya kashi-kashi, wata biyar kowane zango, babu ruwa sai kuɗin rajista kaɗan. Ya kama sama da dala 2,000 duk wata, kusan kuɗin hayar gidansu. Mamanta ta nemi a matso mata da kwasar adashinta, aka yarda, 4,000 ne. Wata ƙungiyar unguwa ta ba yarinyar 1,000, da aka sanar da makarantar sai aka ce za a sake lissafi a gani ko zai shafi abin da suka ƙara mata, a nan na fara jin cewa wasu makarantun suna rage nasu tallafin idan ɗalibi ya samo na waje. Ko da ba su taɓa ba, duk an haɗa bai rufe zangon farko ba, balle na biyu.

Daren da aka zauna da biro

Wajen 10 ga Agusta wata 'yar'uwa da ke aiki a ofishin kuɗi na wani asibiti ta zo gidan, ba ma'aikaciyar jami'a ba ce, lissafi kawai ta iya. Ta ce a kawo takardun uku na Maris da farar takarda guda. Ta ja layi uku, kowace makaranta da nata, ta ce tambaya huɗu za mu yi wa kowacce kuma ba ruwanmu da jimlar da suka rubuta.

Nawa makarantar da kanta za ta caje mu? Nawa ne sauran kuɗin da za mu kashe ba ta hannunta ba, littafi, mota, inshora? Nawa ne kyautar da ba za a taɓa cewa mu dawo da ita ba? Sannan kyautar nan ta shekara nawa ce, da wane sharaɗi? Duk layin da ba mu gane ba, ta ce, mu ɗauke shi bashi ne har sai an tabbatar mana ba shi ba ne.

Jami'a ta farko: caji 57,000, kyauta 31,395, giɓi 25,605, idan ka ƙara wajen 3,000 na littattafai da zirga-zirga ya zama 28,605, ban da inshora. Giɓin cajin kaɗai a shekara huɗu ya haura dala dubu ɗari ko da kuɗin makaranta bai ƙaru ba, kuma yana ƙaruwa kusan duk shekara alhali sikolashif ɗin yana nan a 24,000, ga sharaɗin maki da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a bayan takardar. Ta biyu: 15,600 ɗin nan da ya tsorata su, ya tabbata haka yake, har da kuɗin sabulu a ciki. Ta uku ce ta sa ɗakin ya yi tsit: cajin makaranta wajen 7,400 da ƙananan kuɗaɗen rajista, kyauta wajen 12,900. Wato ba abin da za a biya, ragowar sama da dala 5,000 ma hannun yarinyar za ta dawo. Wancan 8,100 kiyasin abinci da wurin kwana ne, abin da take ci a tukunyar mamanta tun tana jaririya.

Wadda ta ce sifili ita ce mafi tsada, ta kusa ninka ta biyu. Baban ya daɗe yana kallon takardar, ya ce wa 'yarsa, Uwata, laifina ne, ni na zaɓa. Ta ce a'a Baba, tare muka karanta.

Ita 'yar'uwar ce kuma ta ce a tambayi makarantar ko tana da fom ɗin gwamnati mai suna College Financing Plan. Wannan shafi ne guda da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar tun 2012 da wani suna na daban, aka sauya masa suna wajen 2019, yana jera cikakken kuɗi, kyauta, abin da ya rage, sannan bashi a gefe. Ba dole ba ne ga kowa, inda ya fi zama tilas shi ne ga ɗalibai tsofaffin sojoji. Ashe makarantar tana da shi, yana cikin shafin ɗalibi na yarinyar tun Maris, sai ka shiga wani lungu ka danna sau uku. Lambar da ke kansa ta yi kusan daidai da wadda muka samu da biro.

Tsakiyar Agusta 2023 zuwa Janairu 2024

Yarinyar ta janye kafin a fara karatu, saboda haka ba a bi ta komai ba sai dala 800 da ta riga ta tafi. An yi ƙoƙarin komawa jami'ar cikin birni don zangon kaka, amma gurbinta a sashen da take so ya cika kuma lokaci ya ƙure, aka ce ta sake nema don Janairu. Watanni huɗu ta yi tana aiki a wani kantin magani, ƙawayenta suna turo hotunan ɗakunansu, ta daina zuwa wasu tarukan unguwa don gudun masu tambayar yaushe za a tafi. Wannan ɓangaren ba ya shiga lissafi amma shi ne ya fi yi wa mamanta zafi.

A Nuwamba ta nemi makarantu biyu na cikin birni, wannan karon kafin ta nema ta shiga na'urar lissafin farashin kowacce, da takardun suka zo kuma ta zuba su a layukan tambayoyin nan huɗu, ta tura imel ta tambayi abu biyu a rubuce: wane layi ne bashi, kuma wanne ne zai maimaitu baɗi. Ta fara karatu ƙarshen Janairu 2024. Kuɗin zango 3,465 da 'yan kuɗin rajista, rabin Pell da rabin TAP suka rufe, aka dawo mata da wajen 2,700, ta sayi kwamfuta da littattafai, sauran ya tafi katin jirgin ƙasa na wata-wata da ke dala 132 a lokacin. Ba ta karɓi bashi ko na dala ɗaya ba.

Shekarar da ta biyo baya ta zo wa kowa da tangarɗa, sabon FAFSA bai buɗe ba sai ƙarshen Disamba 2023 maimakon Oktoba, bayanan ɗalibai ba su fara isa makarantu ba sai Maris 2024, jami'o'i da dama suka ɗaga ranar yanke shawara daga 1 ga Mayu. Yaran unguwarmu uku da suka gama sakandare a shekarar sun samu takardunsu a ƙurarren lokaci, ita ce ta zaunar da su a falonsu da farar takarda.

Me ya sa ta faɗa, me ya sa ta fita

Da na koma ina karatu a kan abin sai na ga takardar da ta ruɗe mu ba baƙuwa ba ce. A 2018 ƙungiyoyin New America da uAspire sun duba takardun tallafi na makarantu 515. A cikin 455 da suka saka bashin "Direct Unsub" ɗin nan mai ruwa tun daga ranar farko, an kira shi da sunaye 136 daban-daban, 24 daga cikin sunayen babu kalmar bashi a ciki sam. Sama da kashi ɗaya bisa uku na takardun ba su faɗi kuɗin makaranta ba ma. A Afrilu 2019 ma'aikatar ilimi ta ba makarantu shawarar su daina cakuɗa kyauta da bashi da aiki, su daina jera PLUS tare da sauran, su faɗi abin da ya rage wa ɗalibi. Shawara ce kawai. A Disamba 2022, wata uku kafin takardarmu ta iso, ofishin GAO mai yi wa majalisar dokokin Amurka bincike ya fitar da rahoto a kan makarantu 176, ya kiyasta kashi 41 cikin ɗari na jami'o'i ba sa faɗin ainihin abin da ɗalibi zai biya, kashi 50 kuma suna faɗa amma su rage shi, jimla 91, ya kuma nemi majalisa ta duba yin doka.

A ganina abin da ya kayar da gidan nan ba jahilci ba ne, mutum biyar masu hankali sun karanta takardar. Kuma ba zan ce makarantar ta yi ƙarya ba, kowace lamba da ta rubuta gaskiya ce. Abin da ya faru shi ne an ba su mudu uku masu girma daban aka ce su gwada farashi. Makarantun biyu da suka bi ƙa'ida suka faɗi har kuɗin sabulu su ne suka fito kamar masu tsada, wadda ta zuba bashin uba a cikin kyauta ta fito kamar sadaka. Muddin abin ganin dama ne, mai gaskiya a cikinsu shi ke asarar ɗalibi, kuma kowane shugaban jami'a ya san haka.

Shi ya sa nake ɗan ɗari-ɗari da gyaran sa kai. A ƙarshen 2022 manyan ƙungiyoyin jami'o'i suka kafa wani shiri mai suna College Cost Transparency Initiative ƙarƙashin Peter McPherson, zuwa Satumba 2023 makarantu sama da 360 sun yi alkawarin amfani da kalmomi iri ɗaya, su ware kyauta daga bashi, su faɗi abin da ya rage. Abu ne mai kyau, amma Amurka tana da jami'o'i da kwalejoji dubbai, kuma waɗanda takardunsu suka fi buƙatar gyara ba lallai su ne za su fara sa hannu ba. Ƙudurin da zai wajabta fom guda ga kowa, Understanding the True Cost of College Act, tun 2012 Sanata Al Franken ya fara kawo shi, daga baya Chuck Grassley da Tina Smith suka dinga maido shi majalisa bayan majalisa. Masu adawa suna cewa makarantu sun bambanta, fom guda ba zai dace da kwalejin shekara biyu da makarantar likitanci ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, takarda ta uku ta nuna haka, don ko lambar gaskiya tana iya tsorata mutum idan ba a raba abin da makaranta za ta caja da abin da ake kiyastawa ba. Amma wannan gyaran layi ɗaya ne a fom, ba hujjar barin kowa ya rubuta yadda ya ga dama ba.

Abin da ya yi aiki kuma ba wani sabon bayani ba ne, duk lambobin suna cikin jakar fasfo tun Maris. Tambayoyi iri ɗaya aka yi wa takardun uku, aka ƙi yarda da jimlar kowa, aikin bai kai awa ɗaya ba. Roƙo da adashi da biya kashi-kashi duk sun gaza saboda an yi su ne bayan an riga an zaɓa, ana neman cike ramin dala dubu ashirin da biyar da cokali. Da an yi zaman nan a Afrilu, da 800 ɗin tana nan, da kuma ta fara karatu a Agusta, ko ma ta zaɓi ta arewacin jihar da idonta a buɗe idan gidan ya ga zai iya.

Ƙanenta yana ajin ƙarshe na sakandare yanzu. Baban ya sa an buga masa farar takardar nan guda goma a shagon fotokofi, layuka huɗu babu komai a ciki, suna cikin aljihun ƙofar motarsa, in ya ɗauko ɗan'uwa mai yaro a sakandare sai ya miƙa masa ɗaya.